Darban, Ɗan Sanda Mai Waƙar Urdu

Maigidana ɗan sanda ne, kuma yana rubuta waƙa da harshen Urdu. In na faɗi haka a gidan biki, mata sukan dakata da cin abinci su dube ni, wata ta ce, "Indiyanci kike nufi? Irin na fim?" Da can nakan zauna in yi bayani dalla-dalla. Yanzu na gaji, sai in ce eh, kusan shi ne, amma babu rawa.

Sunansa Sufeto Harun Sanusi, mutumin Birnin Kudu. Ni ce matarsa Ummukulthum. Shekara ashirin da huɗu muna tare, 'yarmu ɗaya, Zulfa, kuma har yau abin da na sani a Urdu bai kai kalma goma ba, rabinsu ma sunayen abinci ne.

Ga yadda aka yi ya iya. Mahaifinsa, Malam Sanusi, kuku ne a gidan wani likita ɗan Pakistan da aka kawo garinsu aiki. Shekara goma sha ɗaya likitan ya yi, Harun kuwa a ɗakin bayan gidan ya tashi, yana wasa da 'ya'yan likita, ana dukansu tare in sun yi ɓarna, har bakinsa ya kama harshensu. Matar likitan ce ta koya masa rubutun, da ta gaji da ganinsa yana leƙen littafin 'ya'yanta. Duk ƙarshen wata abokan likitan sukan taru a falo, malaman kimiyya na sakandare da wasu masu aikin famfo, su yi ta karanta wa juna baitoci suna kaɗa kai suna "wah, wah". Malam Sanusi yakan haɗo shayi ya tsaya bakin ƙofa da tire a hannu, yana jira a kai ƙarshen baiti kafin ya shiga, don an taɓa daka masa tsawa da ya faɗo a tsakiya. Shi bai san abin da ake faɗa ba. Harun da ke raɓe bayan ƙafarsa yana jin komai.

Likita ya koma ƙasarsu, Harun ya sa kayan sarki yana ɗan shekara goma sha takwas. Ya yi Gumel, ya yi Haɗeja, ya yi Kano. Ba irin 'yan sandan da ake ba da labarinsu a majalisa ba ne. Bai taɓa harbin kowa ba, bai taɓa kama wani ƙasurgumin ɗan fashi ba. Ya yi gadin banki, ya yi gadin gidan alƙali, ya yi ƙofar kotu, kuma a kowane caji ofis ya zauna shi ake bai wa rubuta bayanin mai ƙara, saboda ba ya tsallake komai. Akwai ɗan littafi kullum a aljihunsa na gaba. Abokan aikinsa suka ga rubutu daga dama zuwa hagu, sai suka yanke cewa laƙani yake rubutawa. Wani kofur ya bi shi har gida yana roƙon na ƙarin girma. Ni ma da na fara ganin littattafan nan a ƙarƙashin katifa, sai da na yi alwala na taɓa su. Shi kuwa ya bar kowa da zatonsa, don ya san in aka ji waƙa ce, ba zai sake shan ruwa a bariki ba don tsokana.

An taɓa tura shi Laberiya aikin kiyaye zaman lafiya, ya haɗu da sojojin Pakistan, harshen ya dawo masa sabo. Daga nan ne littattafan suka fi ƙarfin ƙarƙashin katifa, na ba shi wani tsohon akwatina.

Farkon shekarar 2011 aka turo shi Alƙahira cikin masu tsaron ofishin jakadancinmu. Aikin dai ƙofa ce kamar kullum, sai kuma zuwa caji ofis na Misirawa in an tsare wani ɗalibinmu da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Zulfa tana jami'a a Kano, don haka mu biyu muka zo. Muka kama ɗaki a Hadayek el-Ma'adi, hawa na huɗu, gidan da ba lif. Kwana goma da saukarmu gari ya rikice, mutane suka fito bore, 'yan sandan ƙasar suka ɓace daga tituna. Ba lokacin da mutum zai ce shi ɗan sanda ba ne, ko da na wata ƙasa ne. Harun ya gaya wa mai gadin gidanmu cewa shi akawu ne. Maza suka datse bakin layi da sanduna da tsofaffin kujeru suna tsaron unguwa, aka ba shi juyin safe. Kwana biyu kacal suka miƙa masa tsarin duka, don shi kaɗai ya san yadda ake tsayar da mota a duba but ba tare da an yi faɗa ba. Suka yi ta cewa akawun Najeriya akwai ƙoƙari.

A layin burodi ya haɗu da Ustad Wajihuddin, cikin kwanakin nan. Wani tsoho ne ɗan firit da baƙar hula, an taka masa ƙafa a turereniya, yana ta ƙunƙuni da Urdu. Harun ya ce masa da harshen, "Baba, yi haƙuri, dawo nan gabana." Tsoho ya waiga, ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa bayan Harun yana neman wanda ya yi magana. Sai da Harun ya maimaita sannan ya ɗaga kai ya dube shi. Ran nan burodin ya iso mini da azahar.

Ustad mutumin Haidarabad ta Indiya ne. Ya zo karatu shekara arba'in da suka wuce, ya zauna, ya ƙare aikinsa a wata maɗaba'a yana gyaran littattafan addini na Urdu kafin a buga. Matarsa Hajja Mahasin 'yar Aswan ce, mace mai jiki da dariya, Allah bai ba su haihuwa ba. Ita ma ba ta jin Urdu, shekara talatin da bakwai da aure. Da Larabcin Islamiyyata da nata na kasuwa muka ƙulla zumunci, kuma abin da ya fara haɗa mu shi ne kowaccenmu tana auren mutumin da ke magana da takarda.

Duk Juma'ar ƙarshen wata ana zaman waƙa a falonsu. Mutum goma sha biyar ko ƙasa da haka: ɗaliban Indiya da Pakistan masu karatun addini, wani likitan haƙori, wani mai sayar da kayan yaji. Zaman yana da dokokinsa, kuma Ustad ba ya wasa da su. Ana kunna kyandir ɗaya a ɗora a faranti. Wanda aka ajiye wa shi a gaba, shi zai karanta. Daga mafi ƙanƙanta a sana'ar ake farawa, a yi ta hawa, har a kai ga Ustad, wanda shi ne na ƙarshe kullum. In ya gama ya hure kyandir, to an tashi, sai mu shigo da shayi. Doka ta biyu ita ce ta ci wa maigidana tuwo a ƙwarya: almajirin Ustad ba ya karanta waƙa a gaban mutane sai ranar da ya kawo takarda ta koma masa babu jan biro ko ɗigo ɗaya.

Harun ya kwashi littattafansa na shekara talatin ya kai. Bayan mako biyu aka dawo masa da na farko, kowane shafi kamar an yanka kaza a kai. Ustad ya ce masa, "Kana da kunne, kana da zuciya. Amma harshenka na yara ne da na sojoji." Harun ya dawo gida ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ko tuwon da na sha wahalar neman garinsa bai kalla ba. Na ce, "Baban Zulfa, shi wannan tsohon shi ya ba ka aiki ko shi zai ƙara maka girma?" Ya ce, "Ummu, gaskiya ya faɗa." Washegari ya sayo sabon littafi.

Haka aka shiga. Kowace Juma'a bayan masallaci ya kai takarda ɗaya, ya karɓo ta makon jiya. A zaman wata kuwa wurinsa bakin ƙofa ne, kusa da takalma, kuma da an ƙwanƙwasa shi ke tashi ya buɗe, ba don an sa shi ba, jiki ne ya saba. Su mawaƙan Urdu kowa yana da sunan da yake sakawa a baitinsa na ƙarshe, sai Ustad ya raɗa masa Darban, wato mai tsaron ƙofa. Ya zo yana ba ni labari yana murmushi har kunne. Na ce, "Ikon Allah. Ko a waƙar ma gadi aka ba ka?"

Shekaru suka yi ta tafiya, gari yana lafawa yana tashi. Da aka sa dokar hana fita a 2013, aka mai da zaman bayan la'asar, kuma bai sake komawa dare ba. Sai a ja labule a kunna kyandir rana tsaka, mai sayar da gas yana ta buga tukwanensa a ƙasa. A watan Agusta na waccan shekarar Harun ya kwana huɗu yana bin caji ofis da asibitoci yana neman ɗalibanmu biyu da aka daina jin ɗuriyarsu. Ya same su da rai, ya kai su masaukinsu, ya dawo ƙafafunsa a kumbure. Ina gasa masa su da ruwan zafi yana rubutu a kan gwiwa. Takardar nan ta dawo da ja huɗu kawai, ya yi ta nuna min kamar sakamakon jarrabawa.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yaran. Ɗalibi ɗan shekara ashirin zai zo, harshen uwarsa ne, ya yi wata takwas, takardarsa ta fito fes, a ajiye masa kyandir. Mijina da furfura a gemu yana can yana jera musu takalma. Na sha gaya wa Hajja Mahasin cewa mijinta ba shi da tausayi. Takan yi dariya ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Ummu Zulfa. Ni ma har yau bai taɓa cewa miyata ta yi daidai ba."

A watan Fabrairu na 2015 takarda ta zo daga gida: ƙarshen Mayu za mu koma, shekara mai zuwa kuma ritaya. Harun bai damu da barin Masar ba, sanyinta ya ishe shi. Abu ɗaya yake so, kuma ya faɗa min da bakinsa muna cin abinci: sau ɗaya a ajiye kyandir ɗin nan a gabansa, ya karanta waƙarsa ga mutanen da za su ji ta. A Birnin Kudu babu mai ji. In bai karanta a falon nan ba, to akwatin zai koma da shi kamar yadda ya zo.

Ya yi wata biyu a kan waƙa ɗaya. Ya rubuta, ya yaga, ya sake, yana ƙirga kari da yatsu a kan tebur har na fara jin bugun a barcina. Tsakiyar Afrilu ya kai ta. Juma'ar da ta biyo ya shigo da takardar a hannu, ya ajiye a kan tebur. Na ɗauka, na duba gaba, na duba baya. Fara tas. Na rangaɗa guɗa har matar ƙasanmu ta leƙo ta taga.

Shi kuwa ko gezau. Ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar kamar an kawo masa bayanin mai laifi. Sannan ya buɗe akwati ya ɗebo na watannin baya ya jera.

Ya ce, "Ummu, zo ki gani. Wannan ta bara ce. Kin ga jan yana kan kalmar daidai?"

Na ce na gani.

"Wannan ta Disamba. Jan yana gefen kalma. Wannan ta Fabrairu, ya ja layi a wurin da ba rubutu." Ya ɗora yatsa a kan sabuwar. "Nan kuma, da nake kwafewa, na tsallake ɗango guda cur a baiti na huɗu. Sai a hanya na lura. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama ɗigon da ya ɓace a maɗaba'a ba zai bar baiti da ƙafa ɗaya ya wuce ba."

"To me kake nufi?"

"Bai karanta ba. Ba ya gani."

Tsohon ya ba ni tausayi. Amma tausayin mijina ya fi. Na ce, "To sai me? Doka ta ce takarda ta dawo babu ja. Ga ta babu ja. Shekara huɗu kana jiran wannan rana, ya ba ka da hannunsa. Wa ya aike ka bincike? Ka cike ɗangon da ka manta, ka je ka karanta abinka, khalas, shi ke nan."

Ya cire tabarau ya ce, "Shekara talatin da huɗu ina aiki, ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. Ba zan karɓi wadda aka sa min hannu ba a karanta ba."

Na ce masa taurin kai ne, na ce masa zai kunyata dattijo a banza, na ce abubuwa da dama da ba sai na maimaita ba. Ya bar ni na gama, ya kwafe waƙar a sabuwar takarda da ɗangon da ya ɓace, ya ce gobe da hantsi zai je. Na ce ƙafata ƙafarsa, ko don in janye shi in abin ya ɓaci.

Muka tarar da Ustad a kujerarsa ta kusa da taga. Ni na wuce kicin wajen Hajja Mahasin, amma kicin ɗin nasu da falon labule ne kawai a tsakani. Da Larabci suka fara gaisawa, da shi kuma Harun ya ci gaba, ina jin don kada ya yi abin a ɓoye.

Ya ce, "Ustad Sahib, na zo ne a kan takardar jiya."

"Na ba ka izini. Me kuma ya rage?"

"Ba a karanta ta ba, Ustad Sahib. Akwai ɗangon da na tsallake. Ka yarda in karanta maka da baki."

Hajja Mahasin ta ajiye wuƙar da take yanka albasa, ta dafe tebur. Harun bai jira izini ba, ya fara. Ya karanta tun daga farko har ƙarshe da muryarsa ta ba da rahoto, ba hawa ba sauka. Da ya gama, tsohon ya ce, "Ka gama?" Harun ya ce ya gama. Ya ce, "Ni za ka yi wa aikin ɗan sanda a gidana? Tashi ka fita."

Kafin mu fita Hajja Mahasin ta riƙe ni a kicin ta gaya min sauran. Shekara guda ke nan idon yana tafiya, hawan jinin ido ne, likita ya ce an makara. Ya hana ta gaya wa kowa. Ya haddace matakan bene, ya haddace inda kowa ke zama, ɗalibai kuma ya koma cewa su karanta masa da baki wai don ya ji lafazinsu. Takardar Harun ce kaɗai ya ci gaba da karɓa, don yana gudun kada ɗan sandan nan ya gane. Ta ce, "Ya san za ku tafi. Ya so ya ba Harun kyauta, kuma kada a san halin da yake ciki. Mijinki ya ƙwace masa duka biyun."

Muka koma gida. Juma'a ta zo bai je ba. Zaman ƙarshen Afrilu ya wuce ba a kira mu ba. Muka shiga haɗa kaya, na raba tukwane ga matan ɗalibai, shi yana miƙa aiki ga wanda zai gaje shi. Ya daina rubutu. Ɗan littafin yana nan a aljihu, amma na lura biron ya bar shi a kan firji mako uku. Haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanda zan nuna masa.

Ana saura kwana biyar mu tashi, Hajja Mahasin ta bugo min waya. Ta ce, "Jibi akwai zama. Ya ce a gaya wa Darban babu mai buɗe ƙofa." Na isar da saƙo yadda aka ba ni, na ƙara da nawa: in gadi ne kawai suke nema, su ɗauki mai gadin gidansu. Harun ya ce in goge masa farar rigarsa.

Ranar ya zauna a wurinsa na kullum, kusa da takalma. Ustad bai ko juyo wajensa ba. Aka ja labule, aka kunna kyandir, aka fara da wani sabon ɗalibi mai rawar murya. Ina leƙe ta gefen labulen kicin. A lissafina, in an yafe masa, to shi ne sabon shiga, shi za a fara bai wa, ko na biyu. Na biyu ya wuce. Na biyar ya wuce. Faranti ya je gaban mai kayan yaji, ya je gaban likitan haƙori, kowa na ta "wah, wah", mijina ma yana taya su, har da ɗaga hannu. Da na ga an ɗauki farantin an ajiye gaban Ustad, sai na cire rai. An gama ke nan. An kira shi ne ya buɗe ƙofa, ya buɗe.

Na ce wa Hajja Mahasin ni tafiya zan yi. Ta ce, "Yalla, maza ɗauki tiren nan tukuna, bayana yana ciwo." Ta ɗora min shayin mutum goma sha biyar a hannu. Na tsaya bakin labule ina jira tsohon ya gama ya hure abinsa, in dire musu in ja mijina mu tafi.

Ustad ya karanta tasa da ka, gajeriya. Aka yi ta yabo. Na ɗaga ƙafa zan shiga, sai na ji Hajja Mahasin ta damƙe min hannu ta baya. Bai hure ba. Ya miƙa hannu yana lalube a kan darduma har ya taɓa bakin farantin, a gaban kowa, ba ɓoye-ɓoye. Ya ɗaga shi da hannu biyu, ya ce da Larabci, yadda har mu na kicin za mu ji, "Ni ba na gani. Wani ya kai wannan bakin ƙofa."

Babu wanda ya motsa da farko. Sai likitan haƙori ya tashi ya karɓa, ya ratsa tsakiyar falo, ya ajiye kyandir a gaban Harun, tsakanin gwiwarsa da takalman mutane. Hajja Mahasin ta raɗa min a kunne, "Tun da na aure shi, ba a taɓa yin wanda ya karanta bayansa ba."

Harun ya ciro takarda daga aljihu, ashe tana nan tare da shi. Ya warware ta. Ya faɗi ɗangon farko, falon duka ya amsa masa shi, yadda suke yi. Ya faɗi na biyu, mai kayan yaji ya dafe ƙirji. Sau uku suna sa shi ya maimaita wani baiti. Ni dai ina tsaye da tire, hannuwana sun ƙage, ban fahimci ko kalma ɗaya ba sai Darban a ƙarshe, kuma hawaye yana zuba min ba hannun sharewa.

Da ya kai ƙarshe kowa ya juya wajen Ustad. Tsohon ya gyara hula ya ce, "A baiti na uku akwai kalma mai nauyi. Ka canza ta, ka kawo min ranar Juma'a." Kowa a falon ya san ranar Litinin jirginmu zai tashi. Harun ya ce, "To, Ustad Sahib." Sannan ya sunkuya ya hure kyandir. Na shiga da shayi ya riga ya huce, suka shanye a haka.

Muna tafiya gida a ƙasa, ta wajen tashar jirgin ƙasa na metro, na ce ya gaya min abin da waƙar ta ce. Ya ce a kan wani mutum ce da ke tsaye bakin ƙofa da shayi a hannu, yana jira a kai ƙarshen baiti ya shiga. Shayin ya huce, baitin bai ƙare ba, shi kuma bai gaji da tsayuwa ba. Na ce na ƙarshen fa, mai sunansa? Ya ce, "Darban, ubanka ya tsaya, kai ma ka tsaya. In an ce ka shigo, yi sallamar mutum biyu." Na tuna yadda na ƙame da tire a bakin labule. Ban taɓa ganin Malam Sanusi ba, ya rasu kafin aurenmu, amma ran nan na ji kewarsa kamar uban da ya haife ni.

Muna Birnin Kudu yanzu, yana ƙarasa watanninsa a caji ofis na garin, yana rubuta bayanin masu rikicin gona. A watan Nuwamba Hajja Mahasin ta bugo ta ce Ustad ya rasu, ranar wata Talata, bayan sallar azahar. Harun ya yi masa addu'a, ya sa aka yi masa a masallacin unguwa.

Takardar tana cikin ɗan littafin aljihunsa. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci yakan fito da ita ya zauna a kan baiti na uku. Ya jera kalma tara a gefe da fensir, kowacce in ji shi za ta iya zama. Na ce masa ya zaɓi ɗaya ya huta mana. Ya ce ba shi ne mai sa hannu ba.